Riƙon Kyanwa: Yadda Gidajen Jama'a Suke Ceto Rayuka a Amurka

A ƙasar Amurka akwai dubban gidajen ajiyar dabbobi, wasu na hukumomin birane, wasu na ƙungiyoyin agaji, inda ake kai karnuka da kyanwoyin da suka ɓata ko waɗanda masu su suka gaji da su. Ƙungiyar ASPCA, wadda Henry Bergh ya kafa a Niyok a 1866, ta ƙiyasta cewa a wajajen 2019 kyanwoyi kimanin miliyan 3.2 suke shiga waɗannan gidaje a shekara, kuma ana yi wa kimanin 530,000 allurar mutuwa. Mai jin wannan adadi zai ɗauka ciwo ne ya ci ƙarfinsu, har likita ya ga gara a hutar da su. Akwai irin waɗannan, amma da yawa lafiyarsu ƙalau, ko kuwa ciwon nasu na 'yan makonni ne. Abin da ya ja musu shi ne keji ya cika, ga wasu a bakin ƙofa. Matsalar ta rashin wuri ce da ƙarancin hannu, kuma maganinta yana cikin gidajen jama'a, ba a gina ƙarin keji ba.

Dole a fara da sanin halin kyanwa a irin wannan wuri. Kare idan ya ɓata, mai shi yakan bi sawunsa. Alƙaluman ASPCA na wajajen 2019 sun nuna ana mayar da karnuka wajen 710,000 ga masu su a shekara, kyanwoyi kuwa 100,000 kacal. Ke nan mafi yawan kyanwoyin da suka shiga ba su da mai zuwa nemansu. Ga shi kyanwa dabba ce mai son inda ta saba, mai ƙin hayaniya. Idan aka sa ta a ƙaramin keji, ga haushin karnuka, ga warin baƙin dabbobi, sai ta daina cin abinci, ta ƙudundune a lungu. Firgici yakan tayar da wata ƙwayar cutar mura da take kwance a jikin kyanwoyi da yawa, sai atishawa da kwantsa, nan da nan ta bi sauran keji. Wanda ya zo neman abin da zai kai gida ba zai kalli mai majina ko mai hura hanci ba. Ita ce za ta daɗe, ita ce kuma sunanta zai fara hawa jerin waɗanda za a kashe.

Jarirai sun fi kowa shiga haɗari. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu ko biyar, ta haihu bayan kwana sittin da 'yan kai. Da sanyi ya wuce a Amurka sai haihuwa ta ɓarke, mutane su riƙa tsintar 'ya'yan kyanwa a ƙarƙashin mota ko bayan shago suna kaiwa gidan ajiya cikin kwali. Jaririn da bai kai mako huɗu ba yana bukatar madara kowane awa biyu zuwa uku, dare da rana. Ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, ba ya iya fitsari ko kashi sai an shafa masa ƙarƙashin wutsiya da ɗanyen ƙyalle kamar yadda uwa take yi da harshe. Nonon saniya ma zawo yake sa shi, sai madara ta musamman. Ma'aikacin da yake tashi aiki da yamma ba zai iya wannan hidima ba, shi ya sa a da akan kashe irin waɗannan jarirai a ranar da aka kawo su.

Nan ne riƙo yake shigowa. Bahaushe ya san ɗan riƙo, yaron da ake ba wa gwaggo ko kawu ya zauna a hannunsu ba tare da ya tashi daga ɗan iyayensa ba. Haka tsarin yake: kyanwar tana nan a matsayin ta gidan ajiya, kuma galibi su ne masu biyan kuɗin magani da rigakafi, mai riƙo kuwa ya ba da ɗaki da lokaci. Idan jarirai suka kai mako takwas, nauyinsu ya kusa kilo ɗaya, sai likita ya yi musu aikin hana haihuwa, a nema musu gidan zama na dindindin. Riba biyu ake samu, domin an ceci wadda aka ɗauka, an kuma bar keji ga wadda za ta zo gobe. Ban da haka, mai riƙo yakan san halin dabbar, ko tana shiri da yara, ko tana tsoron kare, kuma wannan sani shi yake sa a haɗa ta da gidan da ya dace, ba tare da an dawo da ita bayan mako guda ba.

An gwada wannan hanya an ga amfaninta. A 1994 birnin San Faransisko ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare dabbobi ta garin, ƙarƙashin jagorancin Richard Avanzino, cewa ba za a ƙara kashe lafiyayyen kare ko kyanwa da za a iya samar wa gida ba. A birnin Ostin na jihar Tekzas, ƙungiyar Austin Pets Alive! wadda likitar dabbobi Ellen Jefferson ta karɓi ragamarta a 2008, ta riƙa duba jerin waɗanda za a kashe tana kwashe su zuwa hannun 'yan sa-kai, har ta buɗe sashen renon jarirai. Majalisar birnin ta amince da shirin daina kisa a 2010, kuma a 2011 sama da kashi 90 cikin ɗari na dabbobin da suka shiga gidan ajiyar birnin sun fita da ransu. A 2014 wasu likitoci biyu, Kate Hurley ta Jami'ar Kalifoniya da ke Debis da Julie Levy ta Jami'ar Fulorida, suka ƙaddamar da shirin ceto kyanwoyi miliyan ɗaya a Arewacin Amurka, suka kuma cika adadin a 2018.

Akwai masu suka, kuma maganarsu tana da nauyi. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA ta daɗe tana cewa gidan da ya yi alkawarin ba zai kashe ba yakan ƙare da cunkoso, ko ya rufe ƙofa ga masu kawo dabba, su kuma su je su yar a titi. Wannan yana faruwa, amma a inda aka yi alkawari ba a tanadi masu riƙo ba. Sukar tasu hujja ce ta a ƙara yawan gidajen riƙo. Masu kishin tsuntsaye kuma suna nuni da binciken da aka wallafa a 2013, wanda ya ƙiyasta cewa kyanwoyi suna kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 da biliyan 4 a shekara a Amurka, mafi yawa ta hannun waɗanda ba su da mai su. To ai jaririn da aka rena a ɗaki, aka yi masa aikin hana haihuwa, aka ba shi gida, ya fita daga sahun masu yawon farauta, kuma ba zai haifo wasu ba. Shi ya sa riƙo ba ya tafiya shi kaɗai. Idan ba a rage haihuwa ba, masu riƙo za su gaji kafin jarirai su ƙare.

Sauran tambayar da mai karatu zai iya yi ita ce: ana fama da yunwar mutane, wa yake ta kyanwa? Tambaya ce ta gaskiya, amma tausayi ba hatsi ba ne da zai ƙare don an ɗiba. Wanda ya tashi da tsakar dare don ya shayar da abin da bai cika tafin hannu ba, da wuya ya zama mai ƙeƙasasshiyar zuciya ga maƙwabcinsa. Musulmi kuwa ya san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Hukuncin ya rataya ne a kan tsarewa, domin duk wanda ya rufe dabba ya ɗauki nauyin ranta. Al'ummar da ta gina keji ta tara kyanwoyi a ciki ta ɗauki wannan nauyi, kuma allura ba ta sauke shi matuƙar akwai wata hanya.

Italiya ta haramta kashe ɓatattun karnuka da kyanwoyi tun 1991, sai mai tsananin ciwo ko mai haɗari ga jama'a. Amurka ba ta da irin wannan doka ta ƙasa baki ɗaya, duk da haka kisan ya ragu daga dabbobi kimanin miliyan 2.6 a 2011 zuwa ƙasa da miliyan ɗaya cikin shekara takwas, kuma aikin hana haihuwa da hannun talakawa masu riƙo da masu ɗauka suna da babban rabo a ciki. Duk inda kake, idan ka ga 'ya'yan kyanwa a lungu, ka dakata ka ga ko uwar za ta dawo, domin babu mai reno kamarta. Idan ta tabbata ba ta nan, ka ɗumama su, ka nemi shawarar likitan dabbobi, ka riƙe su har su iya ci da kansu, sannan ka samar musu gidan da za a kula da su.