Uwargida, San Wutar Batirinki

A ƙauyukan Ɗambatta da Bichi gidaje da yawa tocila da sola ne haskensu, don haka ya kamata mu san yadda wutarsu take tafiya.

Wutar batir hanya ɗaya take bi. Takan fito ta kai mai alamar tarawa, ta ratsa waya da ƙwan fitila, ta koma ta wajen alamar ɗebewa. In kin kashe makunni, hanyar kika yanke. Shi ya sa in tocila ta ƙi kamawa, fara duba ko batir ya juye, ko tsatsa ta ci ƙarfen.

Batirin tocila bolt 1.5 ne, na sola kuwa galibi bolt 12. Ƙwai mai wat 5 zai yi awa 4 da abin da mai wat 20 zai shanye a awa 1, sai ki zaɓi mai ƙaramin wat.

To, ga inda haɗarin yake. In cokali ko tsirarar waya ta haɗa kawunan batirin sola biyu, wutar ta sami gajeriyar hanya ke nan, waya ta yi ja, tartsatsi ya kama katifa ko zana. Ki ajiye batir inda iska take shiga, nesa da yara da kalanzir. Allah Ya tsare mu, amin.