Ina 'Yarki Take Ran Kasuwa?

Yau zancenmu a kan fashin makaranta ne, kuma da ku nake, iyayen yara na Tambuwal da Kebbe.

Duk wadda ta bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ran kasuwar Tambuwal ta ga abin da nake nufi. Mota ba ta gama tsayawa ba, sai 'yan mata su yanyame ta, wannan da farantin gyaɗa, waccan da ƙwaryar fura. Da yawansu an rubuta sunansu a makaranta. Malam yana can yana kiran suna, mai suna tana tasha.

To, kada mu yi saurin zagin uwa. Da ribar tallan nan ake cefane, da ita ake tara kayan ɗaki. Amma fa a duba, yarinyar da ke fashin kwana ɗaya kowane mako ta zubar da kashi ɗaya cikin biyar na karatunta. Ran da ta dawo an wuce ta a lissafi, a tambaye ta ta yi shiru, 'yan aji su yi dariya. Gobe ita da kanta za ta ce kanta ke ciwo.

A 2014 gwamnatin Jihar Sakkwato da UNICEF, da taimakon kuɗin Ingila, suka gwada wata dabara a ƙananan hukumomi shida, har da Kebbe. Kowane wata uku ana ba da Naira 5,000 a kan kowace yarinya, har shekara biyu. Abin da ya burge ni shi ne hannun da aka sa kuɗin, watau hannun uwa ko mai riƙon yarinyar. Sun gane wadda ke ɗora faranti da safe ita ce mai ikon sauke shi. 'Yan mata kuwa suka ƙaru a azuzuwa. A 2015 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi.

Wancan shiri ya ƙare, saura namu. Idan tallan ya zama dole, a mai da shi bayan an taso, gyaɗa ba ta lalacewa kafin azahar. A ɗebo ruwa tun da yamma. Matan unguwa su haɗa kai, kowane mako wata dattijuwa ta leƙa makaranta ta ji sunan wadda ba ta zo ba, ta bi ta gida da lalama. Ai ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, jajin Nana Asma'u ma ƙauye ƙauye suke bi suna tara mata don karatu.

Ke kuma 'yar makaranta, in ƙawarki ta kwana biyu ba ta zo ba, ki biya gidansu da littafinki, ki nuna mata inda aka tsaya, ki ce gobe za ki biyo mata ku tafi tare.