Inshorar Tsayawar Kasuwanci a Lokacin Annoba: Misalin Birtaniya

Idan gobara ta cinye kanti, asara biyu mai shi ke yi. Ta farko ita ce ta gini da kaya. Ta biyu kuwa ita ce cinikin da zai rasa a watannin da ake gyara, alhali kuɗin haya da albashin ma'aikata ba su tsaya ba. Saboda wannan asara ta biyu ne aka samar da inshorar tsayawar kasuwanci. A bisa al'ada, kamfanin inshora ba ya biyan diyya sai in ginin kansa ya lalace. Sai dai akwai yarjejeniyoyin da aka ƙara wa sharuɗɗa, kamar ɓarkewar cuta a kusa da wurin sana'a, ko hukuma ta hana shiga wurin.

A ranar 23 ga Maris, 2020, gwamnatin Birtaniya ta sanar da dokar kulle saboda annobar korona. Masu gidajen abinci da otal-otal da ƙananan kantuna suka nemi diyya, kamfanoni da dama suka ƙi biya. Ganin haka, hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi ta shigar da ƙara guda a madadin masu inshorar, domin kada kowa ya je kotu shi kaɗai. Ƙarar ta shafi kamfanoni 8 da samfurin yarjejeniya 21, kuma an ƙiyasta cewa hukuncin zai iya taɓa masu inshora kimanin 370,000.

Tushen gardamar shi ne dalilin asara. Wasu yarjejeniyoyi sun ce za a biya idan cuta ta ɓulla a cikin tazarar mil 25 daga wurin sana'a. Kamfanonin suka ce ai ba don masu cutar da ke cikin wannan tazara aka kulle ƙasa ba, wato ko da babu su, da an yi kullen. A ranar 15 ga Janairu, 2021, Kotun Ƙoli ta yi watsi da wannan hujja. A ganinta, kowane mutum da ya kamu da cutar yana cikin dalilan da suka haɗu suka sa gwamnati ɗaukar matakin, kuma babu wanda ya fi wani nauyi. Saboda haka, mai cuta ko guda ne a cikin tazarar ya isa.

Haka kuma kotun ta soke wani hukunci na 2010 game da wani otal a birnin New Orleans da guguwar Katrina da Rita suka lalata a 2005. A wancan hukunci an rage diyyar otal ɗin bisa hujjar cewa garin duka ya watse, don haka ko bai lalace ba, da bai sami baƙi ba.

Ya kamata a lura cewa ba kowa ne ya amfana ba. Wanda yarjejeniyarsa ta tsaya ga lalacewar gini kaɗai, galibi bai sami komai ba. A Amurka ma yawancin kotuna sun goyi bayan kamfanonin, domin a ganinsu ƙwayar cuta ba ta lalata gini. Ke nan 'yan kasuwa biyu a titi ɗaya, da asara iri ɗaya, ɗaya ya karɓi diyya ɗaya ya rasa, kuma abin da ya raba su 'yan kalmomi ne a takardar da suka sa wa hannu.