Bostan, birnin da ake gyara wasa kafin a kai shi Niyok

A birnin Niyok na ƙasar Amurka akwai unguwar da ake kira Broadway, mai manyan gidajen wasan kwaikwayo 41. Can ne ake nuna irin wasan nan da ya haɗa labari da waƙa da kiɗa da rawa, wanda Amurkawa suka yi suna a kansa. Shirya irin wannan wasa yana cin kuɗi ƙwarai: ga albashin ƴan wasa da makaɗa, ga ɗinkin tufafi, ga kayan dandali da fitilu, ga hayar gida. In aka buɗe wasa, kashegari jaridu suka kushe shi, ƴan kallo sai su ƙaurace masa. Cikin ƴan kwanaki a rufe, dukiya ta salwanta, mutane da yawa su rasa aiki.

Domin gudun haka ne masu shirya wasanni suka ɗauki wata al'ada. Kafin su tunkari Niyok, sai su kwashi ƴan wasa da kayansu a jirgin ƙasa, su tafi wani gari su gwada wasan gaban jama'a na ƴan makonni. Garuruwan da aka fi zuwa su ne New Haven da Filadelfiya da Washinton da Bostan. Bostan kuwa, wanda ke da nisan kilomita wajen 350 daga Niyok, yana cikin waɗanda suka fi shahara da wannan aiki.

Gidajen wasa na birnin

Gidajen wasa na Bostan suna kusa da juna, a tsakiyar gari, mutum na iya zagaye su da ƙafa. Akwai Colonial, wanda aka buɗe ran 20 ga Disamba 1900, mai ɗaukar mutum wajen 1.700. Wasan farko da aka nuna cikinsa shi ne Ben-Hur, inda aka hau da dawakai masu rai bisa dandali, suna sukuwa kan wani dandamali mai juyawa ƙarƙashin ƙafafunsu. Bayansa aka buɗe Majestic a 1903, Shubert a 1910, Wilbur a 1914. A 1925 aka buɗe Metropolitan, wanda daga baya aka sa masa suna Wang, mai kujeru wajen 3.500. A 1928 kuma aka buɗe gidan da yanzu ake kira Opera House.

Yadda ake gwajin

Aikin gwaji aiki ne na rashin barci. Da dare a yi wasa gaban mutanen da suka biya kuɗin shiga. Marubuci da mai tsara kiɗa da mai horar da ƴan wasa su tsaya can baya, suna lura da jama'a: ina suka yi dariya, ina suka yi tsit, ina suka fara tari da mutsu-mutsu don gajiya. Bayan an tashi sai su koma masauki, su kwana suna yanke wannan, suna ƙara wancan. Da rana ƴan wasa su koyi sabon abu, da dare su nuna shi. Wani lokaci ɗan wasa yakan koyi sabuwar waƙa da rana, alhali da dare tsohuwar zai rera, har sai makaɗa sun sami takardunsu.

Ran 30 ga Satumba 1935 aka fara nuna Porgy and Bess a gidan Colonial. George Gershwin ne ya tsara kiɗansa, labarin kuwa na baƙaƙen fata ne matalauta na kudancin Amurka, kuma baƙaƙen fata ne suka rera shi. Mutanen Bostan sun yi ta tafi, amma wasan ya yi tsawo. Gershwin ya yarda aka yanke sassa masu yawa daga abin da ya sha wahalar rubutawa, kafin a buɗe a Niyok ran 10 ga Oktoba.

A watan Maris na 1943 wani wasa na Richard Rodgers da Oscar Hammerstein ya iso Colonial daga New Haven, da sunan Away We Go! A Bostan ne aka ɗauki wata waƙa tasa mai ambaton jihar Oklahoma, aka sake tsara ta domin dukkan ƴan wasa su rera ta tare, kuma aka sauya ma wasan suna zuwa Oklahoma! Da aka buɗe shi a Niyok ran 31 ga Maris, sai da aka nuna shi sau 2.212 kafin a rufe. A 1951 mutanen nan biyu suka komo da The King and I, labarin wata malama ƴar Ingila a fadar sarkin Siyam. Suka lura kashin farko ya yi nauyi, sai suka ƙara waƙa mai sauƙi wadda malamar ke rerawa tare da yaran fada.

Ɗan jarida da mai tace wasanni

Ban da ƴan kallo, akwai mutum biyu da masu shirya wasa ke sa ma ido a Bostan. Na farko ɗan jarida ne, Elliot Norton, wanda ya yi shekara 48 yana sharhin wasanni, daga 1934 zuwa 1982. Shi ya ɗauki wasan gwaji a matsayin aikin da ba a gama ba, saboda haka yakan nuna inda rauni yake da yadda za a gyara. A 1965 Neil Simon ya kawo wasansa na ban dariya The Odd Couple, kashi na uku ya ƙi daɗi. Norton ya tambaye shi dalilin da ya sa wasu mata biyu ƴan uwan juna, waɗanda suka ba mutane dariya a kashi na biyu, ba su sake fitowa ba. Simon ya karɓi shawarar, ya maido da su, wasan ya miƙe. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Na biyu ma'aikacin magajin gari ne, mai ikon sa a cire kalma ko a hana wasa dungum in ya ga ya saɓa ma tarbiyya. A 1929 hukumar birnin ta hana nuna Strange Interlude na Eugene O'Neill. Sai aka kai wasan Quincy, wani ƙaramin gari na kusa, mutanen Bostan suka yi ta tururuwa can. Wannan muƙami ya daɗe, sai a 1982 aka soke shi.

Da al'adar ta ja baya

Daga shekarun 1970 gwaji a Bostan ya fara raguwa. Kayan dandali sun ƙara girma da nauyi, ɗaukarsu da kafa su a wani gari don ƴan makonni ya zama babbar hasara. Unguwar gidajen wasan ita ma ta lalace a lokacin, ta cika da mashaya da wuraren banza, iyalai suka riƙa gudunta. Masu shirya wasanni suka koma gwaji a Niyok ɗin kanta, kafin ranar da ake gayyatar ƴan jarida. Wannan hanya tana da nata haɗari, musamman da zuwan intanet, domin duk wanda ya kalli wasa yau yana iya baza aibinsa ga duniya kafin gari ya waye. Wasan Spider-Man, wanda ba a kai shi wani gari ba, sai da aka nuna shi sau 182 a Niyok tsakanin 2010 da 2011 ana gyara, jaridu na ta yi masa ba'a, kafin a buɗe shi a hukumance.

Ayarin wasanni masu yawo

Gidajen Bostan sun ci gaba da rayuwa ta wata hanya. Wasan da ya yi kasuwa a Niyok akan kafa masa wani rukunin ƴan wasa, a loda kaya cikin manyan motoci, a bi gari-gari, ana wasa sau takwas a mako. Wani garin a yi mako guda, wani a yi wata ko fiye. Gidan Opera House, wanda ya yi shekara fiye da goma a rufe, an sake buɗe shi a 2004 da The Lion King, wasan da ke ɗauke da waƙoƙi cikin harshen Zulu, waɗanda mawaƙin Afirka ta Kudu Lebo M ya sa hannu wajen tsarawa. Irin waɗannan wasanni suna cika kujeru, suna samar da aiki ga masu fitilu da masu ɗinki da masu sayar da abinci. Sai dai a gama suke zuwa. Dariyar mutumin Bostan ko shirunsa ba su sauya ko kalma ɗaya a cikinsu.

Komowar gwaji

A 2015 aka rufe Colonial. Makarantar Emerson, wadda ta saye shi a 2006, ta yi tunanin maida wani sashensa ɗakin cin abincin ɗalibai. Jama'a da manyan masu fasaha, har da mawallafin waƙoƙi Stephen Sondheim, suka nuna rashin yarda, makarantar ta janye. A 2017 ta ba kamfanin Ambassador Theatre Group na Ingila hayar gidan ta shekara 40. Aka gyara shi, aka sake buɗe shi a watan Yuli na 2018 da gwajin Moulin Rouge!, labarin wani gidan rawa na birnin Paris. Wasan ya isa Niyok a 2019, ya ci lambobin yabo na Tony guda 10. Bayansa aka gwada A Beautiful Noise a 2022 da The Queen of Versailles a 2024 cikin wannan gida.

Yawan gwajin bai kai na da ba. Amma masu zuba kuɗi sun nuna har yanzu suna bukatar jama'ar da za ta zauna cikin duhu ta kalli aiki tun yana ɗanye, ta nuna musu abin da marubuci ba ya iya gani daga kan teburinsa.