Rumfar Masu Ƙugiya a Bakin Kwara

Duk wanda ya tashi daga Bagudo ya ƙetare Kwara, ya ratsa Ka'oje da Illo har ya dangana da Lolo, inda ƙasar Gwandu ta ƙare ta Jamhuriyar Benin ta fara, zai tarar da kasuwa wadda hanci ke riga ido saninta, domin ƙanshin banda ke tarbar baƙo tun bai hangi rumfa ba. Sarkawa da Kabawa da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa, da Fulani masu tallar nono, da fataken Madekali da Malanbil da suka zo da sefa a aljihu, duk a nan suke cuɗanya. Kuma wannan ba baƙon al'amari ba ne, gama a zamanin ayarin Gwanja ma Illo ta kasance zangon fataken goro.

Galibin baƙi wajen shinkafa da kwandunan kifi suke tsayawa, amma ni a ganina rumfar masu kayan su ta fi cancantar nazari. Ga birgi a rataye da dalmarsa, ga kalli da taru a ɗaure, ga homa da gora irin waɗanda aka san Argungu da su, ga zaren nailan wanda ya kori na auduga da na rama, ga kuma ƙugiyoyi cikin ƙananan akwatuna, waɗanda suka fi suna a cikinsu su ne na kamfanin Mustad na ƙasar Norwe. Lambarsu tana da wata ƙa'ida mai rikita jahili: gwargwadon hawan lamba, gwargwadon ƙanƙantar ƙugiya. Wasu kayan ta Legas da Anacha suke zuwa, wasu ta Kwatano, shi ya sa da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019 har mai fatsa sai da ya ji a jikinsa. Sandar Turawa mai faifan naɗe zare kuwa, in ma an ganta, ta ma'aikata ce da masu shaƙatawa. Yaron Sarkawa gora yake sara ko gwangwala, ya ɗaura zare, shi ke nan.

Idan mai saye ya tsuguna ya ce, "Baba, ƙugiya nake so," dattijon rumfa ba ya fara maganar kuɗi, sai ya ce, "Wane ruwa za ka shiga, ɗana, kuma wa kake nema a cikinsa?" Wannan tambaya ita ce asalin mas'alar, domin Kwara a wannan yanki sau biyu take cika a shekara: akwai farin ruwa na damina, mai laka, wanda ruwan saman ƙasashen kusa ke kawowa wajen Agusta zuwa Oktoba, yana malala cikin fadamu kifi ya bi shi ya yi ƙwai, akwai kuma baƙin ruwa, tatacce, wanda ya taso tun daga duwatsun Gini, ya yi jinkiri cikin fadamun Mali, ba ya isowa sai da sanyin hunturu. Kayan da suka yi rana a ɗaya kan yi kwantai a ɗayan.

To, mai ƙaramin jari, wanda manomi ne da damina masunci da rani, ba shi da ikon ajiye wa kowane kifi makaminsa, saboda haka sai ya ɗauki ƙugiya matsakaiciya da zare matsakaici, ya sa tana, ya karɓi abin da Allah ya hukunta masa, ko karfasa, ko kurungu, ko 'yar tarwaɗa, ya kwana da miya. Amma ranar da tsage ya kai wa ƙugiyar nan cafka, da haƙoransa masu kaifin aska, zare kawai zai jawo. Ranar da giwan ruwa ta haɗiye ta kuwa, sai dai ya koma gida da labari. Wanda ya gaji su kaka da kakanni shi ke sayen na musamman: babbar ƙugiya da igiya mai kauri da ɗan kifi mai rai don giwan ruwa, waya a wuyan ƙugiya don tsage, mamari mai ƙugiyoyi bila adadin da ake shimfiɗawa da almuru a duba da asuba don tarwaɗa. Yana iya yin kwanaki bai kama komai ba, sa'an nan kamu guda ya biya masa asarar mako. Alhasali dai, haƙuri yake saye tare da ƙarfen.

Da yawa ba da kuɗin hannu ake ɗaukar waɗannan kaya ba, dillalin kifi ke tsayawa, bisa sharaɗin a kawo masa kamu. Malamai suna sa ido a nan, domin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ta hana sayar da kifi yana cikin kogi ko tafki saboda garari, kuma bashin da aka jingina ga abin da bai fito ruwa ba yana dab da wannan haddi, sai an ƙayyade awo da ajali.

Inda na saɓa wa masu yabon kayan kama-duka shi ne idan aka zo ga raga. Ƙugiya matsakaiciya ba ta cutar da kogi, amma taru mai ƙananan idanu, wanda ake tallarsa da cewa ba ya barin kowa, da gaske ba ya barin kowa, har 'ya'yan kifin da farin ruwa ya ƙyanƙyashe a fadama. Wasu ma gidan sauro suke ja. Sarakunan ruwa na hana shi, jami'an gwamnati na hana shi, duk da haka yana da masu nema, domin shi ne ke fansar kuɗinsa da gaggawa, dillali kuwa ranar kasuwa yake jiran bashinsa.