Ko Ka Sani? Agugu, Tsiron da Ba Ya Fure Kuma Ba Ya Iri

Ko ka san akwai tsirrai da ba su taɓa yin fure ba, ba su taɓa zubar da iri ba, amma sun riga duk itatuwa masu fure zuwa duniya? Dangin agugu ke nan. An ƙidaya musu nau'i sama da 10,000, kuma burbushinsu da aka tono a cikin duwatsu ya haura shekara miliyan 350. Daga cikinsu akwai wanda masana ke kira Dryopteris filix-mas, mazaunin dazuzzukan Turai da Asiya da Arewacin Amurka. A gindin manyan itatuwa yake zama, inda rana ba ta sauka sai ta tsakanin rassa, ganyensa kuma yakan kai mita guda ko fiye. Sabon ganye a naɗe yake fitowa kamar gammo, sannan ya riƙa warwarewa a hankali.

An san busasshiyar saiwar agugu a ƙasar Hausa a matsayin maganin tsila. Haka ma a Turai, har Sarkin Faransa Louis na 16 ya sayi sirrin wani haɗin da ke ɗauke da ita a 1775. Sai dai saiwar tana da guba mai iya makanta mutum, shi ya sa likitoci suka bar ta. Mai fama da tsila ya nufi asibiti.

To, tsiron da ba ya iri, ta yaya yake yaɗuwa? Juya ganyen da ya ƙosa ka duba bayansa. Za ka ga ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a jere, layi biyu, waɗanda mai sabon lambu kan ɗauka cuta ce har ya yanke ganyen. Ba cuta ba ce. Ma'ajiyar wani gari ne mai laushi wanda iska ke kwashewa. Idan ƙwayar garin ta faɗa wuri mai danshi, ba agugu take fitarwa kai tsaye ba. Wani ɗan koren faifai take zama, mai siffar zuciya, wanda bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba. A ƙarƙashinsa ƙwayoyin namiji da na mace suke, kuma na namijin sai sun yi iyo cikin ruwan da ya kwanta a wurin kafin su isa ga ƙwan. Idan babu ruwa, babu haihuwa. Sai a 1851 Bajamushe Wilhelm Hofmeister ya warware wannan zagayen rayuwa. Abin al'ajabi ne, tsiro kafe a wuri ɗaya amma zuriyarsa ta dogara da iyo!

Wannan son laima ya taɓa sauya harkar noma a duniya. Wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya yi ta dasa agugu a gidansa hayaƙin kwal yana kashewa. A 1829 ya rufe ƙasa mai danshi a cikin kwalba don kiwon wani ƙwaro, sai agugu ya tsiro a ciki ya yi shekaru ba ban ruwa. Da rana ruwan ya tashi ya taru a jikin gilashi, da dare ya gangaro ya koma ƙasa. Daga nan ya ƙera akwatin gilashi, ya gwada shi a jirgin ruwa zuwa Ostareliya a 1833, tsirrai suka isa da ransu. Da irin akwatin aka kai dashen shayi daga Sin zuwa Indiya, aka kai na roba daga Ingila zuwa Sri Lanka a 1876.

Masu lambu a Turai ba sa shan wahalar renon agugu. Inuwa suke nema masa, su cakuɗa ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, su dasa ba tare da binne kan saiwar ba, domin nan ne sababbin ganye ke ɓullowa, idan aka danne shi sai ya ruɓe. Shekarar farko ce ta fi buƙatar ruwa. Ƙasa ta zauna da danshi amma kada ruwa ya kwanta. Takin zamani kuwa kusan ba ruwansa da shi. Wajen watan Maris sukan yanke tsofaffin ganye, tsiron da ya yi kauri kuma su raba shi da saiwarsa su ƙara dashe.

Nau'in Dryopteris filix-mas ɗan ƙasar sanyi ne, zafin Kano ko Damagaram ya fi ƙarfinsa. Amma yana da 'yan'uwa masu jure ɗumi, irin waɗanda ke maƙale a jikin bishiyar kwakwar manja a kudancin Najeriya, kuma masu sayar da furanni suna da dangin a tukwane. Idan ka sayi ɗaya, ka tabbata tukunyar tana da huji a gindi, ka ajiye ta a inuwa kusa da randa, ka kuma tsare ta daga iskar hunturu, domin bushewar iska ta fi komai saurin ƙona masa ganye.