Gaya: Me Yaro Zai Ci A Bakin Iyaka?

Duk wanda ya sauka a tashar Gaya da ƙananan yara ya san kukan yunwa ba ya jiran takardun duwan. Malanville ta ƙasar Benin tana ƙetaren kogi, Kamba ta Najeriya kuma tana nan kusa. Da aka rufe gada a shekarar 2023, fatake da iyalansu suka koma ƙetarawa cikin kwale-kwale, zaman jira a bakin ruwa ya ƙara tsawo.

Abinci dai bai yi ƙaranci ba: ga soyayyen kifi, ga koko da ƙosai, ga shinkafa da wake. Amma abin da cikin babba ke ɗauka, na yaro ba ya iyawa. Furar da aka dama da ruwan da ba a san asalinsa ba, da shinkafar da ta wuni a buɗe, su ne mafarin zawo. Zawo kuwa yana iya ƙarar da ruwan jikin yaro cikin kwana guda.

Saboda haka uwa ta sayi abin da aka sauke daga wuta a gabanta, ta cire ƙayar kifi, ta wanke hannun yaro da sabulu. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono ya ishe shi. Idan zawo ya kama yaro a hanya, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce, a riƙa ba shi har a isa asibiti. Maigida kuma ya tuna: kuɗin ruwa mai tsabta ba su kai na magani ba.